Ranar da Shirwa Ta Je Gaida Dodo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha daɗinta!

Wata Shirwa ce, ga farce ga baki, amma tsoro kamar ya kashe ta. Kaji sun ɓoye 'yan tsakinsu, 'ya'yanta na kukan yunwa, sai ta nufi fadama neman abinci.

Kwaɗo sarkin surutu ya tare ta: "Ke Shirwa, koma! Fadamar nan ta Dodo ce. Ƙaho biyu gare shi, kuma da gidansa yake yawo a baya."

Shirwa ta ce, "To kai ni in gaishe shi, ko ya tausaya wa 'ya'yana."

Kwaɗo ya kai ta gindin wata ciyawa, ya nuna mata wani ɗan ƙoƙo. Shirwa ta durƙusa.

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe."

Wata siririyar murya ta amsa daga ciki: "Ni ne Dodon Koɗi! Ba na fitowa don talaka. Mai son gaisuwa ya shigo zaure."

Shirwa mai ladabi ce. Kanta ya ƙi shiga ƙoƙon, sai ta zura baki, ta bi lungu-lungu har bakin ya lanƙwashe. Da ta zaro, ga maigidan a bakinta! Don firgita ta haɗiye shi.

Ta lashe baki, ta dubi Kwaɗo.

"Malam Kwaɗo, yana da 'yan'uwa? Ai bai kamata in gaida ɗaya in bar saura ba."

Ranar 'ya'yanta suka ƙoshi, kaji suka yi ta guɗa. Har yau shirwar fadama gida-gida take bi tana gaisuwa.

Ƙurunƙus kan ɓera, mai jin yunwa ya raka ta gaisuwa!