Mai Sharar Da Ta Kai Ƙarar Kanta

Akwai wata mace mai shara a wani ƙaramin asibitin ƙauye, sunanta Briskila. Shekara goma sha ɗaya tana goge ɗakin yara. Maganin wanke ƙasa a jarka guda ake kawo shi, ɗakuna kuwa huɗu ne, saboda haka masu shara sukan ɗiba a robar ruwan sha da aka yar. Haka ta tarar ana yi, haka ta ci gaba.

Wata rana da hantsi aka kira ta ta kawo bokiti, sai ta ajiye robarta a kan taga. Maganin kuwa fari ne tas kamar ruwa. Wata uwa da ke jinyar 'yarta mai gudawa ta miƙa hannu ta ɗauka, ta ɗura wa yarinyar. Yarinya ta shiga amai, bakinta ya ƙone. Kwana uku ana fama, sa'an nan Allah ya tashe ta.

Shugaban asibitin, Malam Irimiya, ya tara ma'aikata ya ce, "Yarinya ta tashi, mun gode wa Ubangiji. Maganar nan ta mutu a ɗakin nan."

Briskila ta ce, "Malam, takardar nan fa, wadda ake cikewa a kai wa manya a gari idan mugun abu ya faru?"

Ya ce, "Mama, ke da ko sunanki sai an kama miki hannu? Kin san sunan wa zai hau takardar? Naki. Tsintsiyar ce ta ishe ki?"

Ta ce, "Ba ta ishe ni ba, Malam, da ita nake ciyar da 'ya'ya biyar. Amma yanzu haka akwai irin robar nan a tagar ɗakin haihuwa."

Kashegari ta shiga motar kasuwa har ofishin lafiya na gari. Ta dire robar a kan tebur ta ce, "Ni na ajiye ta. Ku rubuta, ni ban iya ba." Suka rubuta, ta dangwala yatsa. Da manyan suka zagaya, suka tarar da irin robobin a asibitoci bakwai, suka hana. Malam Irimiya kuwa ya karɓi tsintsiyarsa. Briskila ta miƙa masa da hannu biyu, ta wuce gidan uwar yarinyar ta gaya mata gaskiya duka.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwana. Robar nan ita ce kuskuren da muka saba da shi har muka daina ganinsa. Malam Irimiya shi ne muryar da ke ce mana rufin asiri ya fi. Ni ma na san muryar nan, ta sha yi mini magana. Amma ni uwa ce. Duk ranar da na kai ɗana asibiti gabana faɗuwa yake yi, don ban san abin da ya faru a gadon nan jiya aka yi shiru ba. Cikinmu nan akwai nas, akwai ungozoma, akwai masu shara. Ina roƙonku, ba don a tona wani ba, don ɗan da za a kwantar gobe. Allah ya tashi yarinyar nan, amma bai tashe ta don a ɓoye ba. "Mun gode wa Ubangiji" ba murfin tukunya ba ne.

Za su ce ke wace ce. Za su ce aikinki zai tafi, kuma mai yiwuwa ya tafi, ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba. To, ya tafi ɗin! Aiki ana sake samu. Ban taɓa ganin uwar da aka mayar wa ɗanta daga kabari don ma'aikata sun rufa wa juna asiri ba. In kin gani, ki faɗa. In ba ki iya rubutu ba, kina da yatsa.