Kififiyar da Waisake Ya Mayar Teku

Ranar Asabar, wajen ƙarfe bakwai na safe, Waisake ya sauko bakin teku da jarkar fetur a kafaɗa. Masunci ne mai ƙwazo, ba ya cutar kowa, amma duk tsibirin babu wanda ya kai shi gaggawa. Ko rogo ba ya bari ya gama dahuwa a tukunya. A safiyar nan ruwa ya fara janyewa, shi kuwa so yake ya fitar da jirginsa ta mashigar duwatsu kafin ruwan ya yi ƙasa.

Kusa da jirgin ya tarar da wata ƙatuwar kififiya kwance a yashi. Gansakuka ta rufe bayanta, idanunta sun faɗa, da ƙyar take ɗaga kai ta ja numfashi. Taubashiyarsa Litiana na durƙushe a gefenta, ta jiƙa mayafinta ta lulluɓa mata.

"Yauwa, sarkin sauri, yau saurinka ya yi rana," in ji ta. "Ruga ka buga gangar itace."

Ƙa'idar ƙauyen ke nan. Idan kififiya ta fito da rana ba don ƙwai ba, sai a buga ganga, jama'a su zo da tamfol, a kai ta inuwa, a kira masu jinyar irin waɗannan dabbobi daga babban tsibiri.

"Kafin mutanen nan su gama shan shayi ruwa ya tafi," in ji Waisake. "Dabbar ruwa ce, ruwa take so. Matsa."

"Da ruwa take so ai da ba ta fito ba, mai kan kwakwa! Ba ta da lafiya."

"Ke yaushe kika zama likita? Kifi ma ƙona shi kike yi."

Litiana ta miƙe za ta buga gangar da kanta. "Kada ka taɓa ta, Waisake. Na roƙe ka."

Tana juya baya ya kama gefen ƙoƙon kififiyar, ya ja ta har ruwa ya kai masa ƙugu, ya hankaɗa ta. Sai ya ga abin da bai zata ba. Ta tura kai za ta nutse, bayanta ya ɗago sama kamar gora. Ta sake, ta kasa. Iska ce ta cika mata ciki. Ruwan da ke janyewa ya ɗauke ta, ya nufi mashigar da igiyoyi ke dukan duwatsu.

Jama'a suka iso a guje. Kawu Sairusi, dattijon ƙauyen, ya ce, "Ina take?"

Waisake ya nuna teku da hannu. Ba wanda ya tsaya faɗa. Maza suka faɗa jirginsa da tamfol, ya tada inji.

"Ɗana, in mun kusa ka kashe injin, mu ƙarasa da filafili," in ji Kawu.

Suka kusa. Kififiyar na juyawa a kan kumfa, duwatsun na gabanta kaɗan.

"Kashe, Waisake!"

"Da filafili ba za mu cim mata ba, Kawu!"

Ya ƙara wuta. Igiya ta taso ta turo ta ƙarƙashin jirgin. Kowa ya ji ƙarar da farfela ta yi. Ruwan ya yi ja.

Da tamfol suka ciro ta, ƙoƙon bayanta a tsage. A inuwar kwakwa mata suka yi ta sauya mata jiƙaƙƙun zannuwa, Litiana na tallafe da kanta. Kafin jirgin masu jinya ya iso da hantsi, ta mutu.

Waisake bai yi nufin kashe ta ba, har a ransa taimako yake yi. Amma kyakkyawar niyya ba ta isa ba idan babu haƙuri. Tsarin da jama'a suka shimfiɗa, sun shimfiɗa shi ne bayan sun ga abin da mutum ɗaya bai gani ba. Idan ka tarar da rai cikin wahala, ka tsaya, ka kira waɗanda suka sani, ka ji maganarsu, ko da hakan zai ɓata maka aikin yini.