Dutsen da Burgu Ya Sa Aka Kafa

An yi wata Bushiya mai tsananin kunya da ke zaune da 'ya'yanta a bakin wata fadama. Ko kallonta aka cika yi sai ta dunƙule. Maƙwabcinta Burgu ne, mai rumbuna a ƙarƙashin ƙasa da tumbi a gaba, ga son a ce da shi yallaɓai. Akwai kuma tsoho Kunkuru, mai haƙuri, wanda ke riƙe da amanar abincin jama'a.

Dabbobin wurin suna da wata al'ada. Idan manoma suka kwashe amfanin gona, sai kowa ya fita kala, a tara gero da gyaɗa a kogon wata kuka. Kowace safiya Kunkuru ya auna wa kowa ƙaramin ƙoƙo guda. Mai shi da marar shi duk layi ɗaya suke bi, ba a tambayar kowa komai.

Ƙoƙon nan ba ya sa ƙiba, amma yana hana kwana da yunwa. Kafin a fara rabon, Bushiya haƙa rami take yi wa Burgu, ta wuni tana tono, ya sallame ta da abin da bai kai ya kawo ba. Da ta ga abincin 'ya'yanta ya tabbata, sai ta daina zuwa. Ta share wani ɗan fili a bayan suri ta shuka gyaɗa, abin da ta daɗe tana buri.

Wannan fa ya tsaya wa Burgu a rai. Ran nan ana cikin rabo sai ya ɗaga murya.

"Jama'a, ana ɓarna! Ku dubi Ƙadangare, ya karɓi ƙoƙonsa ya koma shan hantsi. Ni kaina da nake da rumbu, me zan yi da wannan ɗan tsaki? A bai wa mabuƙata kaɗai mana!"

Kunkuru ya ce, "Ƙadangare tun kafin rabo malalaci ne, Burgu. To, yaya za mu gane mabuƙacin?"

"Abu mai sauƙi! A kafa dutse a nan. Mai so ya hau ya faɗa da bakinsa cewa ba shi da komai, a je a leƙa raminsa a tabbatar. Abin da ya yi saura ni zan adana muku, tunda kogon nan ɓeraye na shiga."

Maganar ta yi kama da ta hankali, kuma babu mai son a ce yana goyon bayan lalaci. Kunkuru ya girgiza kai, amma masu rinjaye suka yarda. Aka mirgino dutse aka kafa a gindin kuka.

Washegari Bushiya ta zo da 'ya'yanta a bayanta. Ta daɗe tana zagaya dutsen kafin ta hau. Ta ɗaga kai ta ga idanu sun yi mata caa.

"Ba ni da..." ta fara.

"Ke, ji tsoron Allah!" in ji Burgu. "Gonar gyaɗar da ke bayan suri ta wace ce?"

"Yallaɓai, ko fure ba ta yi ba."

"Gona dai gona ce! Mai gona ta zo tana cin rabon marasa shi?"

Wasu suka yi dariya. Bushiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta dunƙule a kan dutsen, ta gangaro ƙasa, ba ta buɗe ba sai da taro ya watse. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne 'ya'yanta suna tsaye suna kallo.

Ba ta sake zuwa gindin kuka ba, kuma ba ita kaɗai ba. Da yawa sun gwammace yunwa da hawan dutsen. Wasu ma da gangan suka bar 'yan gonakinsu, don kada a ce suna da wani abu.

Da 'ya'yanta suka fara kuka da yunwa, Bushiya ta koma ƙofar Burgu.

"Yallaɓai, ko akwai aiki?"

"Af, manomiya ce? Akwai mana. Shiga ki tona."

Aiki kuwa ya samu, domin hatsin da mutane suka ƙi karɓa kullum ƙaruwa yake yi, rumbunan Burgu sun cika. Ya sa aka yi ta faɗaɗa ramin, ana gangarawa wajen rafi inda ƙasa ta fi laushi. Bushiya tana tono tana tuna gyaɗarta, wadda ciyawa ta riga ta shanye.

Da damina ta yi nisa, aka wuni ana tafka ruwa. Rafi ya cika ya tumbatsa, ya bi sabon ramin ya shige rumbunan Burgu kaf. Da ƙyar ya tsira da ransa. Kafin ruwan ya janye, gero da gyaɗa sun ruɓe, sai wari.

Burgu ya yi ta daurewa, har yunwa ta fi ƙarfin girman kansa. Wata safiya sai ga shi a gindin kuka, yana raɓe-raɓe.

"Baba Kunkuru," ya ce ƙasa-ƙasa, "ɗan auna mini a nan gefe."

"Ga dutse can," in ji Kunkuru.

"Haba, Baba! Ni?"

"Kai ka sa aka kafa shi."

Labari ya bazu, jama'a suka taru, har da Bushiya. Burgu ya hau dutsen. Ya buɗe baki ya rufe, sannan ya ce, "Ba ni da komai."

"Ƙarya ne, dubi tumbinsa!" in ji wani.

"Ina hatsinmu da ka ce za ka adana?" in ji wata. "A kore shi!"

Gaskiya, da farko Bushiya ta ji daɗi har cikin ranta. Amma da ta ga yadda Burgu ke neman inda zai ɓoye fuska, alhali shi ba ya iya dunƙulewa, sai daɗin ya gushe. Ta san abin da ake ji a kan dutsen nan. Ta matso gaban Kunkuru.

"Baba, a ba shi ƙoƙonsa."

"Shi da ya kunyata ki, 'yata?"

"Shi fa. Idan muka hana shi yau, dutsen yana nan, gobe wani zai hau. Ni dai a ture dutsen, a koma bai wa kowa."

Kunkuru ne ya fara sa kafaɗa, sauran suka taya shi, aka mirgina dutsen har cikin rafi. Hatsin da ya ruɓe dai ya tafi, don haka shekarar nan rabin ƙoƙo kowa ya riƙa samu. An sha wuya, amma babu wanda ya kwana bai ci ba.

Bayan kwana biyu Burgu ya tari Bushiya a layi.

"Maƙwabciya, ina son sabon rami. Ko za ki zo gobe?"

Bushiya ta dube shi ido da ido, ba ta dunƙule ba.

"A'a, Burgu. Gobe zan share gonata."

Darasin wannan labari shi ne, taimakon da sai mutum ya zubar da mutuncinsa kafin ya samu, sau da yawa ba ya isa ga wanda ya fi buƙatarsa. Ɗan abin da kowa ke da tabbacin samu ba ya mayar da mai himma malalaci, ƙarfin guiwa yake ba shi ya yi nasa, ya kuma iya ƙin wanda ke cutarsa. Wanda kuma yake tsananta wa mabuƙata saboda yau yana da shi, ya tuna cewa bai san ranar da shi ma zai shiga layi ba.