Kajin Direba da Zargin Guba

Akwai wani mutum da kowa a unguwa ke kira Direba, duk da cewa ciwon baya ya raba shi da tuƙi shekara biyu da suka wuce. Da ya ajiye mota, sai ya gina ɗakin kaji a bayan gidansa, ya zuba kaji masu yin ƙwai guda ɗari uku. Da su yake ciyar da iyalinsa.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da wani tela, abokinsa na shekara ashirin. Wata safiya Tela ya tare shi a ƙofar gida.

"Direba, warin ɗakin kajin nan ya yi yawa kwanan nan. Anya lafiya? Ka duba mana."

Ran Direba ya ɓaci. "In hancinka ne ba ya so, ka ɗinka masa murfi," ya ce, ya wuce ciki.

Ba a yi mako ba kaji suka fara atishawa. Idanunsu suka kumbura, suka daina cin abinci, ƙwai ya ja baya. Ranar farko ya kwashe gawa huɗu. Washegari goma sha ɗaya. Ya sayo magani ya zuba musu a ruwa, abin sai gaba yake yi. Kullum ya buɗe ƙofar ɗakin sai ya tarar da wasu sun mutu.

Da ya ƙirga gawa ta sittin, sai maganar Tela ta faɗo masa a rai. Ya ce lallai shi ne ya sa musu guba, ya miƙe zai fita.

Matarsa ta riƙe masa riga. "Maigida, ka gani da idonka? Kada ka faɗi abin da ba za ka iya mayarwa ba."

Ya fizge rigarsa. Ya je ya tsaya a bakin shagon Tela, mutane cike da titi, ya ɗaga murya ya ce Tela ne ya jefo wa kajinsa guba ta kan katanga.

Tela ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya dube shi. "Ni, Direba?"

Kafin yamma magana ta zaga unguwa. Mata biyu suka aiko aka karɓe musu yadinsu ba a ɗinka ba.

Matar Direba ce ta kira likitan dabbobi. Yana shiga ɗakin, idanunsa suka cika da ƙwalla saboda yajin wari. Ya sa takalmi ya tona garin katakon da ke ƙasa, ya same shi jiƙe sharkaf, ya yi baƙi. Mazubin ruwa yana yoyo. Tagogi kuwa duk Direba ya toshe su da leda, wai kada sanyi ya kama kaji.

Likita ya feɗe gawa biyu, ya miƙe. "Babu guba a nan, malam. Iska suka rasa, cuta ta samu hanya. A cire ledar nan, a kwashe shimfiɗar nan yau, in ba haka ba sauran ma za su bi."

Direba ya ɗauki shebur. Kwasa biyar ya yi bayansa ya riƙe, ya zauna a ƙasa cikin ƙazantar, ya kasa ko miƙewa.

Yana nan zaune ya ji ƙarar baro. Tela ne, ya ɗaure hancinsa da ƙyalle. Ya karɓi shebur ya kama aiki. Sai da rana ta yi sanyi ya gama.

Washegari Direba ya lallaɓa da sanda zuwa bakin shagon, ya ɗaga murya ya ce ƙarya ya yi wa maƙwabcinsa. Mutum bakwai ne kawai a wurin.

"Na yafe maka tun jiya," in ji Tela. "Amma 'yata ta dawo daga makaranta tana kuka, wai ana kiranta 'yar mai guba. Ita ban san me zan ce mata ba."

Direba ya sunkuyar da kai. Kaji ɗari biyu da 'yan kai sun rayu. Amma wata guda ya yi yana bin gidaje ɗaya bayan ɗaya yana wanke sunan Tela, kuma har yau akwai waɗanda labarin farko kaɗai suka ji.

Darasi: In asara ta same ka, fara bincika ɗakinka kafin ka nuna wa wani yatsa. Kaza in ta mutu ana sayen wata, amma sunan mutum in ka ɓata shi, gyaransa ya fi ƙarfin bakinka kai kaɗai. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu kiwo.