Zoɓon da Ya Yi Baƙi a Ƙoƙon Sarki

An yi wani sarki a garin Dutsen Marke, Sarki Nomau, wanda ya gaji wata doka daga kakanninsa: duk abin shan da ya sauya launi a gaban sarki, guba ce a ciki, wanda ya kawo shi kuma takobi ne rabonsa. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya gwada hakan. Abin da aka gada, sau da yawa tsufansa kaɗai ne hujjarsa.

Ran nan, da azahar ana zafi, wata dattijuwa mai suna Barmani, wadda ta shekara ashirin tana dafa wa fada zoɓo, ta kawo tulunta. Aka miƙo ƙoƙon sarki, ta ɗan tsiyaya. Zoɓo ja wur, yana taɓa gindin ƙoƙo sai ya rikiɗe ya yi baƙi-baƙi kamar ruwan marina.

Galadima ya miƙe tsaye. "Guba! Tsohuwar banza, wa ya aiko ki?"

Barmani ta durƙusa gaban sarki. "Ranka ya daɗe, da hannun nan na ba ka zoɓo tun kana yarima. In kashe ka in ci me?"

Sarki ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Aka kirawo Alƙali Shekarau ya yanke hukunci. Alƙali ya ɗauki ƙoƙon, ya shinshina, ya shafa gefensa da yatsa ya lasa. Sa'an nan ya sa a kawo masa sabuwar ƙwarya, da kanwa, da jiƙon tsamiya.

Ya zuba zoɓon tulun a sabuwar ƙwarya, yana nan ja. Ya barbaɗa kanwa, nan take ya yi baƙi. Fada ta ɗauki salati. Ya tsiyaya tsamiya a kai, ruwa ya yi 'yar kumfa, ja ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Ya ɗaga ƙwarya ya kurɓa.

Sai ya ce, "Galadima, a gidanka ana sa kanwa a miya?"

"Ana sawa mana."

"To, ashe kullum guba kake ci, ga ka kuwa har da tumbi." Ba wanda ya yi dariya sai wani dogari, shi ma ya haɗiye ta. Alƙali ya ci gaba: "Tsami da kanwa abokan gaba ne, kowanne yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Zoɓo kuwa mai shaida ne kawai: in tsami ya rinjaya ya yi ja, in kanwa ta rinjaya ya yi baƙi. Bai san guba ba. Zoɓon tulun nan lafiyarsa lau. Kanwar a ƙoƙo take, ta bushe a gefensa da gindinsa, fari a kan fari. Saura tambaya guda, ba ni da ikon amsa ta. Ƙoƙon nan ba mai sha da shi sai mai shi. Allah ya ba ka nasara, me aka sha a ciki da safe?"

Sarki Nomau ya daɗe yana fama da ciwon ciki, yana shan jiƙon kanwa mai kauri a ɓoye, don a ƙasar nan sarki mai ciwo, 'yan'uwansa sukan fara auna rawani. In ya yi shiru, asirinsa ya rufu, Barmani ta mutu. In ya yi magana, ga Galadima, ɗan'uwansa, yana saurare.

Ya dubi tsohuwar, ya ce, "Ni na sha kanwa. Cikina ba lafiya, wata bakwai ke nan. Wanda ke jiran gadona ya ji da kyau. Tashi, Inna Barmani. Na san abin da ke cikin ƙoƙon, ban dai san shi ke baƙanta zoɓo ba, na kuwa yi shiru lokacin da ya kamata in yi magana."

A ranar aka soke dokar. Mutum nawa ta ci kafin nan, ba wanda ya iya faɗa, dattawan fada kuwa ba su so a tambaya ba.

Shi ya sa masu hankali ke cewa: kafin ka tuhumi abin da aka zuba, duba abin da ya tarar a ƙwarya.