Tafkin Mai'igiya

Dalilin da ya sa ruwan da ya ratsa Tungar Marke yake tafiya a karkace kamar akuya a cikin kasuwa, sannan ya tsaya cak ya zama tafki saura kaɗan ya fita gari, shi zan gaya muku. Ku zauna, kuma kada wanda ya katse ni, yau ba ni da ƙarfin maimaita magana.

A da ba haka garin yake ba. A dunƙule yake cikin gwiwar kogi. Kwatar sama, inda jiragen gishiri da kanwa suke sauke kaya, tana arewa. Kwatar ƙasa ta masu kifi tana kudu, kasuwa da marina suna tsakani. Sai dai kowace damina kogi ya dinga cin gaɓa ke nan, ya kwashe rumfuna, ya shafe iyakoki. Da ruwa ya janye sai rigima ta tashi, wannan ya ce nan ne bakin zaurensa, wancan ya ce wallahi ƙarya ne.

Mai raba wannan rigima shi ne Mai'igiya, wani dattijo ana ce masa Jatau. Shekara talatin da tara yana jan igiyar awo a garin nan. Kuma suna da doka biyu a kan igiya: wadda ta kwanta a ƙasa ba a ɗaga ta, mai ƙulli kuwa ba a karɓar awonta, don a cikin ƙulli macuta suke ɓoye taku ɗaya ko biyu.

Jatau ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya warkarwa. Bayansa ya ranƙwafa, tafin hannunsa ya yi kanta. Abu ɗaya ya rage da yake damunsa a duniya, kabarin matarsa Tabawa, wanda yake bayan ɗakinsa ta wajen kwatar ƙasa. Kullum da safe sai ya share shi ya zauna ya yi mata addu'a. Ya auna da kansa, ya ga damina uku ta ishi kogi ya iso wurin.

Ran nan da la'asar ya tafi bakin ruwa ya zauna, ya ce, "Kai kogi, don girman Allah ba ka gajiya ne?"

Sai ruwa ya yi wata irin ajiyar zuciya, ya ce, "Ni za ka tambaya gajiya, Jatau? Tun kafin a haifi kakanka nake zagaye garin nan da ruwan damina a kaina. Ba mugunta ce ta sa nake cin gaɓa ba, hanya nake nema. Ku shimfiɗa mini igiya daga kwatar sama zuwa kwatar ƙasa, rarar ruwana ta bi ta nan, in bar muku gaɓarku har abada. Amma ka ji da kyau, igiya zan bi. Inda ta ƙare, nan zan tsaya."

Jatau ya kai wa dattawa labari, gari ya ɗauki murna. Ya taka hanyar miƙe sambal, ya sami taku dubu da ɗari biyu, ya sa masu tufka suka tufka igiyar rama daidai hakan. Ko kamu ɗaya bai ƙara ba, shi mutum ne da bai taɓa yin awo da rara ba.

Ranar shimfiɗa igiya, hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas. Jatau bai yi taku ɗari ba sai ga Barmo, sarkin marina, hannuwa shuɗi har gwiwa.

"Haba Baba Mai'igiya! Ramukan rini goma sha biyu, tun na kakana, su za ka ba ruwa? Ɗan kauce mana, me aka yi aka yi taku goma?"

Jatau ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ji ba zai iya ba. Gardamar shekara talatin da tara ta cinye masa murya. Ya kauce.

Gaba kaɗan Kande mai gishiri ta tare shi, ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Baba, gishiri da ruwa? So kake in koma gidanmu da zane ɗaya?" Ya kauce. Masu bandar kifi suka fito da hayaƙi a ido, ya kauce. Mai unguwa bai ma yi magana ba, gyaran murya kawai ya yi a bakin zaurensa, Jatau ya kauce. Kai, har wani da ba shi da komai sai turken jaki ya zo ya yi rantsuwa a kan turken, shi ma aka kauce masa. Mutane ke nan, yara. Kowa yana son hanya, amma ta bi ta ƙofar maƙwabci.

Jatau dai kansa a sunkuye, yana sakin igiya, ba ya ko duban inda ƙafa take kai shi. Can sai ya ji hannunsa ba komai. Ya ɗaga kai. Yana tsaye a bayan ɗakinsa, bakin igiya yana kwance taku biyu daga kabarin Tabawa, kwatar ƙasa kuwa ga ta can ana hangen jiragenta.

Ya juya ya dubi jama'ar da ta biyo shi. A hankali ya ce, "Jama'a, ku taimake ni da guntuwar igiya in ƙulla. Taku tamanin ne kawai."

Barmo ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ai kai da bakinka ka hana mu ƙulli. In kogi ya ƙi karɓa fa, mu duka mun shiga uku."

"To a ɗaga ta a miƙe."

Kande ta kawar da kai. "Ta riga ta kwanta, Baba."

Wani ya ce a tone kabarin a mayar da Tabawa tudu. Jatau ya girgiza kai, hawaye yana bin gemunsa, ya ce, "Ku bar ta. Ita ma ta gaji."

Washegari da hantsi ruwa ya zo. Ya bi igiya, ya zagaye marina, ya zagaye rumbun gishiri, ya zagaye turken jaki, ya iso gidan Jatau ya tsaya. Bai yi ƙara ba, bai yi hauka ba, taruwa kawai ya yi ta yi har ya shanye katanga da ɗaki. Kogi kuwa ya cika alkawari, bai sake taɓa gaɓa ba.

Da ruwa ya lafa, Jatau ya ari kwalekwale ya shiga tafkin don ya yi wa matarsa addu'a. Ya tuƙa nan, ya tuƙa can, ya dubi gabas, ya dubi kwata. Mutumin da ya san iyakar kowa a garin nan har da faɗin tafin hannu, ya wuni a kan ruwa bai gane inda take ba. Haka ya yi ta zagaye kullum har Allah ya karɓi ransa.

Shi ya sa har yau ruwan Tungar Marke yake a karkace, kuma ya tsaya taku tamanin kafin kwatar ƙasa. Shi ya sa kuma duk mai jirgin da ya shigo Tafkin Mai'igiya sai ya ajiye gorar da yake tunkuɗa jirgi da ita ya ɗauki filafilin tuƙi. Ba a caka gora a ƙasan tafkin nan ko ta wane gefe, don babu wanda ya san daidai inda Tabawa take kwance.