Naman Layyar da Aka Ajiye Har Tasu'a

Akwai wani mutum a Muchia ta Sabon Garin Zariya, sunansa Amaechi. A nan aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ta 'yan cikin birni. Sana'arsa sayar da ƙanƙara da ajiye wa mutane nama da kifi a manyan firizoji.

Kirista ne, amma ya san watannin Musulunci fiye da wasu Musulmin, don da su kasuwarsa take tafiya. Ya san a Rajab tsofaffi ke fara azumi, a Ramadan ƙanƙara ba ta kwana, a Zulhajji kuwa naman layya ke cika masa shago.

Bayan Babbar Sallah, wani attajiri daga Samaru, Alhaji Badamasi, ya kawo masa buhu shida na nama. Bijimai biyu ya yanka, firizojin gidansa sun cika, ga shi kuma ko tsoka ɗaya bai aika wa maƙwabta ba. Ya ce a ajiye masa sai Muharram.

Mako biyu da haka taransifomar unguwar ta ƙone, janaretan Amaechi ma ya tsaya. Ya kira kowa ya zo ya kwashe kayansa. Kowa ya zo ban da Alhaji. Amaechi ya roƙe shi a waya, ya ce tunda babu wurin sawa a gida, a raba wa mabukata tun naman yana da kyau. Alhaji ya ce ba don su ya yanka ba, ya kashe waya.

Kwana tara ba wuta.

Ranar Tasu'a, tara ga Muharram, da safe sai ga Alhaji da direbansa. Amaechi ya kai su bayan shago inda ya ware buhunan, ya buɗe ɗaya. Naman ya yi kore, yana yauƙi, wani baƙin ruwa na tsiyaya daga gindin buhun. Direban ya toshe hanci ya ja da baya.

Alhaji ko a jikinsa. Ya ce a loda a mota. Za a wanke da lemon tsami, a cika masa yaji da tafarnuwa, a kai masallacin unguwarsu don masu buɗa-baki su yi cika-ciki da shi.

"Alhaji, wannan ko kare ba zan bai wa ba," in ji Amaechi.

"Sadaka ce, wa zai duba? Kuma kai ina ruwanka da ibadarmu?"

Bayan tafiyarsu Amaechi ya wanke wurin sau uku, warin bai fita ba. Ya kasa cin abincin rana. Da ya tuna mutanen da suka yini da ƙishirwa don Allah, a ce wannan ƙazanta ce za ta fara shiga cikinsu, sai ya yanke shawarar zuwa ya faɗa wa limamin masallacin.

Ya san abin da zai iya biyo baya. Kirista ya je ƙofar masallaci yana tona asirin attajirin unguwa, ana iya cewa ɓatanci ya zo yi. Duk da haka bayan la'asar ya kulle shago ya hau mota zuwa Samaru.

Ya sami limamin, Malam Ɗayyabu, zaune a kan tabarma a ƙofar masallacin. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗa masa komai ba ƙari. Malam ya yi masa godiya, ya sa aka ba shi benci.

Daf da magariba aka sauke manyan kuloli huɗu daga gidan Alhaji. Alhaji ya iso cikin farar shadda, har da mai ɗaukar hoto. Ƙamshin yaji ya cika wurin, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu da ya sa dattawa suka fara kallon juna.

Aka kira salla, aka sha ruwa da dabino. Malam Ɗayyabu ya ce kada kowa ya taɓa kulolin. Shi da kansa ya zuba naman a faranti, ya ajiye a gaban Alhaji.

"Bismillah, Alhaji. Mai sadaka shi zai fara."

Alhaji ya hango Amaechi a kan benci, fuskarsa ta canza. Ya ɗauki tsoka ɗaya, ya kai ta kusa da baki. Sai ga shi ya yar da ita, ya juya ya kama yunƙurin amai a gaban jama'a.

Ba wanda ya zage shi. Mutane suka tashi suka shiga sahu, suka bar shi da kulolinsa. Bayan salla aka haƙa rami aka binne naman, Malam kuma ya riƙe hannun Amaechi har bakin titi.

Har yau in an kawo abinci masallacin daga gidan Alhaji Badamasi, yadda ya zo haka yake komawa.

Darasi: Ranaku masu alfarma ba juji ba ne da za ka zubar da abin da ka ƙi. Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar ƙazanta. Abin da ba za ka iya sawa a bakinka ba, kada ka kira shi sadaka. Ku tura wa 'yan'uwa kafin Muharram ta zagayo.